Yadda ake saka kwat ɗin tuwid ba tare da ka koma kamar ɗan wasan kwaikwayo ba

Sanyin farko da na yi a Edinbura, babban birnin Sikotilan, ne ya haɗa ni da wannan yadi. Na zo da baƙar kwat ɗina irin ta ofis, ina ji da ita, sai na ga iska tana ratsa ta kamar ba komai a jikina, ga wani yayyafi da baya ƙarewa, shi ba ruwa ba shi ba rashin ruwa ba. A tashar bas kuma ina ganin wasu dattawa da kwat mai kaushi, ruwan ƙasa ko ruwan ganye, ba wata ƙatuwar rigar sanyi a kai, amma ko a jikinsu. Yadin nan shi ne tuwid. Daga lokacin zuwa yau na sayi mai kyau, na sayi na banza, na kuma yi shigar da in na ga hoton yanzu sai in kifa wayar, to abinda na koya ne zan zayyana maka daki-daki ɗan uwa.

Da farko ka san me kake saya

Tuwid ulu ne, gashin tumaki, saƙa mai kauri da kaushi. Asalinsa ƙauyukan Sikotilan da Ailan ne, manoma da makiyaya da masunta ke saƙa abinsu saboda ruwa da iska. A ƙarni na 19 ne masu kuɗin Ingila suka shiga sayen gandaye a tsaunukan Sikotilan don farauta, sai suka ɗauki yadin talaka suka ɗaga darajarsa, kowane gida da zanensa da ma'aikatansa ke sawa. Wannan tarihin ba don nishaɗi na kawo shi ba, shi ne mabuɗin komai, tuwid kayan daji ne, kayan aiki ne, saboda haka duk abinda zaka haɗa shi da shi dole ya zama mai ɗan kauri mara ƙyalli. In ka riƙe wannan kaɗai ka gama rabin aikin.

Wanda ya fi suna shi ne Harris Tweed, kuma wannan suna ba kowa ke da ikon liƙa shi ba, akwai doka sukutum da majalisar Birtaniya ta yi a 1993 wadda ta ce sai an rina ulun an kaɗa zaren a tsibiran Hebrides na waje da ke Sikotilan, su Lewis da Harris da Uist da Barra, sannan mutanen tsibirin su saƙa shi a gidajensu da masaƙar da ake takawa da ƙafa, ba injin lantarki ba. Hukumar da ke kula da abin tana garin Stornoway, ita ke buga tambari. In ka buɗe cikin kwat ɗin zaka ga lakabi mai zanen ƙwallo da ɗan gicciye a samansa, in babu shi to ko mai kanti ya rantse maka ba Harris bane. Ka kai hannun rigar kusa da ido a wurin haske ka duba, abinda ka ɗauka ruwan ƙasa ne zalla sai ka ga akwai ruwan ɗorawa aciki, akwai shuɗi, akwai ɗan ja, don tun ulun yana sako-sako ake rina shi kala-kala a gauraya kafin a kaɗa. Wannan ɗin zai maka amfani anjima in mun zo zaɓen shat da nektayi.

Sai Donegal, na arewa maso yammacin Ailan, shi kuma alamarsa ɗigo-ɗigon launi a warwatse kamar an yayyafa masa tsaba, kamfanin Magee na can yana harkar tun 1866. Akwai Shetland mai laushi da rashin nauyi, yana daɗi a jiki amma baya jure gogayya. Akwai Cheviot, sunan tumakin tsaunukan da ke iyakar Ingila da Sikotilan ne, shi kam tauri gare shi kuma yana riƙe karin guga.

Ga inda mutane ke faɗawa rami. In kwat da wando zaka yi gaba ɗaya, nemi saƙa mai matsewa irin Cheviot ko Donegal mai ƙarfi. Saƙa mai sako-sako tana kyau a riga amma a wando sai gwiwa ta yi jaka cikin wata biyu, tsakanin cinyoyi kuma ya side. Ni sai da na yi asarar wando ɗaya na gane.

Nauyi da zane

Ana auna yadi da giram a kowace mita. Kwat ɗin ofis da ka sani yawanci 250 zuwa 300 ce, tuwid kuwa daga wajen 400 har 600 ake samu. In a Ingila ko Kanada kake kuma rayuwarka daga ɗaki mai hita zuwa ofis mai hita ne, kada ka wuce 450, in ba haka ba zaka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan a Janairu kana gumi kamar mai dambe. Mai nauyin sosai na wanda zai wuni a waje ne.

Zane kuma, na farkonka ya zama ƙashin kifi, wato saƙar nan mai layi-layi da ke karkata dama da hagu kamar ƙayar bayan kifi, ruwan toka ko ruwan ƙasa mai duhu. Daga nesa kamar launi ɗaya, sai an matso ake ganin aikin. Akwai wanda ake kira haƙorin kare mai ƙananan tsini-tsini, akwai ƙwayar sha'ir mai ƙananan ɗigo kamar hatsi, akwai mai manyan gidajen dara da ake ja da siririn layi ja ko shuɗi. Mai manyan gidajen dara yana ɗaukar ido a kanti, wallahi yana ɗauka, amma in ka sa shi sau uku kowa a unguwa ya haddace shi, kuma in kana da gajarta ko ƙiba zai ƙara maka faɗi. Barshi sai na biyu ko na uku. Mu masu duhun fata kuwa mun yi sa'a, ruwan makuba, ruwan ganye mai duhu, ruwan goro, duk suna zama mana daram, abinda kawai nake gudu shi ne ruwan ƙasan da ya yi daidai da fatar mutum sak, sai fuska ta ɓace cikin riga.

Gwaji, nan ne aikin yake

Lambobin Birtaniya kewayen ƙirji ne da inci, 38, 40, 42, sai harafi a gefe na tsayi, gajere ko matsakaici ko dogo. Amma kada ka yarda da lamba, sa rigar ka tsaya gaban madubi, kuma ka je da irin shat ko siririyar suwaitar da zaka riƙa sawa a ciki.

Fara da kafaɗa. Ɗinkin kafaɗa ya tsaya daidai inda ƙashin kafaɗarka ya ƙare. Jingina da bango a hankali ta gefe, in rigar ce ta fara taɓa bangon ta lanƙwashe kafin hannunka to ta maka yawa, ajiye ta. Tela zai iya rage ciki, zai iya rage hannu, zai iya rage wando, amma gyaran kafaɗa sai an kusa warware rigar gaba ɗaya kuma kuɗin ya fi na rigar. Na taɓa ɗaukar wata da na samu da arha na kai wa wani dattijon tela, ya juya ta ya juya ta, ya ce yaro wannan ba taka bace ta yayanka ce, kai masa. Har yau tana rataye.

Sai ka ɓalla maɓalli. Tafin hannunka ya iya shiga tsakanin ƙirji da riga ba tare da an yi kokawa ba, in yadin ya ja ya yi wani gicciyen tattara a wajen maɓallin to ta matse. Tuwid ba irin yadin nan bane da ake ɗamewa a jiki kamar na samarin biki, yana son ɗan sarari, iskar da ke tsakanin ita ke riƙe ɗumi. Kwala ta kwanta a wuyan shat ta baya, kada ta tsaya nesa ta bar rami. Tsayin riga ya rufe mazaunai. Hannu ya tsaya a ƙashin wuyan hannu yadda bakin shat zai leƙo kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In maɓallan hannun na gaske ne masu buɗewa, ka sani rage hannun zai yi wuya, duba wannan kafin ka biya.

Wando kuma ga abinda masu kanti ba za su gaya maka ba don ba matsalarsu bace, kai mai sallah ne. Ka durƙusa a ɗakin gwajin kamar zaka yi sujada, ka zauna zaman tahiya. Tuwid baya miƙewa, in wandon ɗamamme ne ko dai ɗinkin baya ya yi ƙara a sahu ko gwiwa ta buɗe. Nemi mai hawa sama har kusan cibiya, mai tattara ɗaya a gaba, mai ɗan yalwa a cinya. Kuma lallai a sa masa shafi daga ƙugu zuwa gwiwa, in ba haka ba ƙaiƙayin da zai maka sai ka tuna da ƙaiƙayin gero. Ƙafar wandon ta sauka ta ɗan taɓa takalmi kawai, in kana so a naɗe bakin santimita 4 ko 5, nauyin naɗin yana sa wandon ya sauka miƙe. In ɗinki zaka bayar, kwat da falmaran da wando suna cin wajen mita 4 na yadi mai faɗin santimita 150, in ka samu mai faɗin 75 irin na tsofaffin masaƙa sai ka ninka, kuma in aljihu zai ɗauka ka ƙara na wando na biyu don wando ke riga mutuwa.

Falmaran ta rufe ƙugun wando gaba ɗaya, kada shat ya leƙo tsakani kamar bakin buhu. Da falmaran ba a ɗaura bel, yana tasowa ya yi ƙullutu, a sa wa wandon madauri a gefe ko ka yi amfani da igiyar rataye wando ta kafaɗa.

Maɓalli

Mai biyu, ɓalla na sama ka bar na ƙasa. Mai uku, na tsakiya kullum, na sama in ka ga dama, na ƙasa a'a. Falmaran ma ana barin na ƙarshe a buɗe, ana danganta al'adar da Sarki Edward na Bakwai wanda aka ce tumbi ne ya hana shi ɓallawa sai fadawa suka bi. In zaka zauna ka buɗe na rigar. Shikenan.

Abinda zai shiga ciki da ƙasa

Shat ya zama auduga mai ɗan kauri, shuɗi mai haske ko ruwan madara, ko fari mai siraran layukan dara. Farin nan tas mai sheƙi da aka sha wa sitati bai cika jituwa da tuwid ba, kamar ka sa hular zanna a kan kayan gona ne. Ka tuna launukan nan da na ce ka duba a cikin yadin? Ɗauki ɗaya daga cikin ƙananan, misali ɗigon ruwan goro, ka nemo nektayi mai wannan launin, sai ka ga shigar ta haɗu kamar tare aka haife su alhali ba wanda zai iya cewa ga dalili. Nektayin ya zama na ulu ko saƙaƙƙe mai yankakken baki. Wannan ma sauƙi ne gare mu, wanda ke kauce wa alharini ba abinda ya rasa, na ulun ne ma ya fi dacewa. In rigar tana da zane mai ƙarfi shat da nektayi su yi shiru, in rigar shiru ce ɗaya daga cikinsu ya yi magana, ɗaya fa, ba duka ba.

Ranar da ba ka son nektayi sa siririyar suwaita mai naɗaɗɗen wuya, baƙa ko ruwan toka ko shuɗi mai duhu, ƙarƙashin rigar. Gaskiya ni yanzu haka na fi sawa, kuma wajen alwala ya fi sauƙi, ka cire riga ka rataye ka ture hannun suwaita, ba ruwanka da kwance maɓallan hannun shat a bayan gidan ofis mai ɗan mitsitsin wurin wanke hannu.

Takalmi na fata, ruwan ƙasa, mai kaurin ƙasa, irin mai ƙananan huji-hujin ado a gaba wanda shi ma asalinsa na yankunan Sikotilan da Ailan ne, ko but mai tsayawa a idon sawu. Siririn baƙin takalmi mai tsinin baki da ƙyalli yana zama kamar an ɗora buhu a kan allura. Tuwid ruwan toka zai karɓi baƙin takalmi in mai jiki ne. Safa ta ulu mai tsayi, yadda in ka harɗe ƙafa ba za a ga ƙwauri ba. Bel in ka sa ya bi launin takalmi.

Yanzu ga shigar da na ce ina kifa waya saboda ita. Bikin wani abokin karatu ne, na sa kwat da wando da falmaran duk tuwid, na ɗora hular tuwid mai ɗan baki a gaba, na rataya agogon aljihu da sarƙa, na cusa hankici mai fure a aljihun ƙirji, ban bar komai ba. Ina shiga wani yayanmu da ya daɗe a ƙasar ya dube ni sama da ƙasa ya ce Malam ina ka ɗaure dokin? Kowa ya fashe. Kuma gaskiyarsa, duk abinda na sa ɗaya-ɗaya yana da kyau, tara su ne ya mai da ni ɗan dirama. Ka zaɓi ado ɗaya. In hula ce to ba agogon sarƙa, kuma hular kada ta zama yadi ɗaya da rigar, ta ɗan bambanta. Hankicin aljihu shima kada ya zama yanki ɗaya da nektayi.

Raba ta, nan ribar take

Kwat ɗin ofis in ka sa rigar da wani wando daban kowa ya san marainiya ce. Tuwid ba haka ba, rigar tana tsayawa da ƙafarta. Sa ta da jins shuɗi mai duhu mara yaga, ko wandon ulu ruwan toka, ko wandon kodiroi mai layi-layi, ko kakin auduga mai kauri. Wandon tuwid ɗin kuma sa shi da suwaita kawai. Falmaran da shat da jins ranar Asabar. Sharaɗin dai wandon da rigar su bambanta a fili, kada ka nemo ruwan ƙasan da ya kusa kama amma bai kama ba, wannan ya fi komai muni. A wata guda zai yi wuya in sa ukun tare fiye da sau ɗaya, amma rigar tana fita sau biyu sau uku a mako.

Inda ake sa ta gaba ɗaya, bikin aure na lokacin sanyi, bikin yaye ɗalibai, taron jami'a, fita cin abinci, ofishin da ba a tsananta ba. Inda ba a sawa, ganawar neman aiki a banki ko ofishin lauyoyi, jana'izar Turawa, da liyafar dare da aka rubuta baƙaƙen kaya a katin gayyata. Tsofaffin ƴan Landan har karin magana gare su cewa ba a shiga birni da ruwan ƙasa, dokar ta yi laushi yanzu amma a waɗancan wuraren tana nan da ranta.

Wanda ke gida fa? Maganar gaskiya cikakkiyar kwat ɗin tuwid a Kano ko Sakkwato azabtar da kai ne, ko a tsakiyar hunturu sanyin na safe da dare ne, ƙarfe sha ɗaya rana ta buɗe. Rigar kaɗai ta isa, Disamba da Janairu, musamman mutanen Jos da Mambila da sanyinsu ba wasa. Kuma tana fitowa a dilar gwanjo, in ka iya tono a Ƙofar Wambai ko Katako ta Jos zaka iya cin karo da mai tambarin Harris a farashin da mai ita bai san me ya riƙe ba. A Birtaniya kuma shagunan sadaka na tsofaffin kaya su ne gwanjon, nan na samu wadda na fi so.

In ta hannu zaka saya, ɗaga ta saitin haske ka duba ƙananan huji, aikin asu ne, duba ƙarƙashin kwala da cikin aljihu da hammata. Shafin da ya yage ba matsala tela zai canza, gwiwar hannu da ta side ana iya ɗora mata facin fata kuma ya zama ado, amma huji birjik a baya ko warin rima da ya kama yadin, barta.

Kula da ita

Kada ka kuskura ka jefa ta injin wanki ko ka ba mai wanki da guga ya tsoma ta a ruwa, ulu yana tsukewa ya dunƙule kuma baya dawowa. Buroshin kaya mai gashi zaka saya, duk ranar da ka sa ka goge ta daga sama zuwa ƙasa, a hunturun gida kuwa wannan wajibi ne don ƙura tana shigewa cikin saƙar. Rataye ta a hanga mai faɗin kafaɗa, na katako, siririn na waya yana ɓata kafaɗa. Ka cire waya da makullai daga aljihu. In ka sa yau ka barta ta huta gobe.

In ruwa ya dake ka, girgiza ta ka rataye a inda iska ke wucewa, nesa da hita, zata ɗan yi warin tunkiya kafin ta bushe, ba komai zai tafi. Taɓo kuma barshi ya bushe tukuna sannan ka kakkaɓe da buroshi, in ka goga da jiƙa ka tura shi ciki. Tattara tana sauka da tururi, ko ka rataye ta a banɗaki lokacin da kake wanka da ruwan zafi. In dole sai guga, shimfiɗa ɗanyen ƙyalle a kai ka danna dutsen ka ɗaga, kada ka ja, dutse kai tsaye yana sa yadin ya yi sheƙi kuma sheƙin baya fita. Wankin kanti na sinadari sau ɗaya a shekara ya isa, ƙarshen sanyi kafin ka adana.

Adanawar ita ce ta ƙarshe. Asu yana bin gumi da ɗigon abinci, shi ya sa ba a ajiye ta da datti. Wadda ka sayo ta hannu, tun ranar farko ka ƙulle ta a leda ka sa a firiza kamar mako guda don ƙwan da ke ciki ya mutu, in wutar unguwarku ba ta zama to kai ta wankin kanti kafin ta shiga cikin sauran kayanka. Bayan nan sa ta a jakar kaya ta yadi mai shan iska, ba ledar kanti ba, ka jefa ƴan ƙwayoyin kafur ko guntun katakon nan mai ƙamshi da ake kira sida a ƙasan jakar, kada su taɓa yadin. Tsakiyar damina ka fito da ita sau ɗaya ka rataye a inuwa ta sha iska, ka ɗaga kwalar ka duba ƙarƙashi, in lafiya ka mayar.